Ruwan da Na Ba Baƙi

Garinmu ba shi a bakin titi. In ka taso daga Damagaram ka nufi Tanut, akwai wani wuri da mota take ajiye mu, babu allo babu rumfa, sai aduwa guda ɗaya da awaki suka cinye ƙasanta. Daga nan ka yi yamma cikin rairayi, a ƙafa ko a bayan babur, har ka hango dangogin kara. Nan ne. Wanda ya tashi da sassafe ya dace da mota, kafin azahar yana cikin birni. Kusancin nan bai taɓa amfanar mu da komai ba sai abu ɗaya: mun san irin kallon da mutanen birni suke yi mana.

Ni na fi kowa sani. Na yi lakwal har aji shida, na faɗi jarrabawa, babana ya ce ya isa haka. Da na yi ƙarfi na tafi Damagaram, na shekara bakwai ina lodi a tasha. A can na ƙaro Faransancin da nake taƙama da shi, wanda rabinsa zagi ne, rabinsa sunayen kayan mota. A can kuma na koyi cewa ni ɗan Damargu ne, ba a matsayin yabo ba. Direbobi su kan ce mu wanka biyu muke yi a duniya, na ranar suna da na ranar likkafani. Ana yin dariya ni ma in yi, don in ba ka yi ba, ba za a sake kiranka lodi ba. Da babana ya rasu na dawo gida na kama gonar gero. Mutanen gari suka laƙaba mini Mushe, kamar malamin lakwal, saboda ni kaɗai ne in an kawo takarda nake iya juya ta daidai. Ban taɓa ce musu su daina ba.

Rijiyarmu guda ɗaya ce, kakanninmu suka haƙa. Zurfinta ya wuce gaba arba'in, hannu ba ya iya janta, sai an ɗaura igiya a takarkari ko raƙumi ya yi ta tafiya har ya kusa ɓacewa kafin guga ya fito. Da damina da kaka ana samu. Da bazara kuwa sai ta koma laka. A ja guga uku a tsaya a jira ta tara. Mata su jera bido, wato jarkokin ruwa, tun da safe, Fulani da Buzaye su iso da dabbobinsu su ma suna jira, ga kashin shanu, ga ƙuda, ga faɗa. Ruwan da zai fito launinsa kamar kunun da aka dama da ƙasa. Mu tace da ɗankwali, mu bar shi ya kwanta a randa, mu sha. Yaranmu duk bazara sai cikinsu ya ɓaci. Haka muka tashi, haka muka tarar.

Mai garinmu kawuna ne, wan mahaifiyata. Dattijo ne mai haƙuri da yawa, har ya yi yawa. Shekara da shekaru yana aikawa meri, ofishin magajin gari a Tanut, a kan maganar ruwa, ana ce masa an ji. To wata bazara sai aka kira shi a waya aka ce ranar Alhamis masu wani proje za su zo, suna zagaya ƙauyuka su ga inda ƙishi ya fi tsanani don a haƙa foraj, wato rijiyar inji mai famfo. Aka ce shugabarsu mace ce daga Yamai, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Kawu ya aiko aka kira ni.

"Mushe, ranarka ta zo. Kai ne bakinmu."

"An gama, Kawu," na ce.

Da na fito daga zaurensa na bi ta bakin rijiya, na tsaya na kalle ta da idon baƙo. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Matan garinmu, har da matata, ƙafafu duk taɓo, zannuwa sun koɗe, suna ture-ture da jakuna. Wari. Na ce a raina, yanzu mutanen birni za su sauko daga mota su ga wannan? Ban yi tunanin foraj ba sam. Dariyar tasha ce ta dawo mini a kunne.

Na koma na ce wa Kawu manyan baƙi ne, dole a kimtsa gari. Ban sha wahalar shawo kansa ba, don mu dama haka muke. Ko gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, in baƙo ya zo sai an ara tabarma mai kyau an nemo fura, ba za a bari ya gane ba. Rufin asiri muke ce masa, kuma muna ganin shi ne mutunci. Na sa samari suka share bakin rijiya tas, suka kwashe kashin dabbobi, suka zuba sabon rairayi. Na je na roƙi makiyaya su riƙe dabbobinsu a nesa ranar Alhamis sai bayan la'asar. Na ce matan gari su ɗebi na kwana biyu ranar Laraba, kada in ga ko bido ɗaya a wurin ran da baƙi za su zo. Sannan na hau mota na je Tanut na ciko bido biyu da ruwan famfo, na sayo sabuwar randa da sabuwar ƙwarya.

Matata ce na sa ta juye ruwan a randar. Tana juyewa tana kallona.

"Malam, ni fa ban gane ba. Ba wahalarmu suke zuwa gani ba?"

"Ke me kika sani? Kin taɓa zama a birni? Mutanen nan ba sa ba ƙazami abu. In suka ga mu mutanen kirki ne masu tsabta, shi ne za su ce mun cancanta."

"To," ta ce. "Kai ka yi lakwal."

Ranar Alhamis da hantsi farar mota kat-kat ta shigo gari. Ina tsaye a ƙofar zauren Kawu cikin babbar rigar da na aro wurin liman, da bik, wato alƙalami, a aljihun gaba. Madam ta fito, doguwa, ba ta da yawan shekaru, riƙe da kaye na rubutu da waya. Daga ɗaya ɓangaren direba ya fito. Na san shi. Ɗan Damagaram ne, na sha yi masa lodi lokacin yana jan motar haya, yana cikin masu maganar wanka biyu.

"Kai! Ɗan Damargu! Ashe nan ne raminku? Wa ya mutu ya bar maka riga?"

Na yi dariya kamar yadda na saba. Ya jingina da motar a inuwa, kusa da mu, ya ɓare goro. Duk abin da za a faɗa yana ji.

Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna. Na ɗebo ruwa a sabuwar ƙwarya na miƙa wa madam. Rana ta yi zafi, ta sha sosai, ta duba cikin ƙwaryar, ruwa garau har ana ganin gindi. Ta tambaye ni da Faransanci ko ruwan na nan ne. Wannan na gane shi sarai, ba zan ɓoye a bayan jahilci ba. Na saci kallon direba. Na ce, "Wi, madam." Wato e. Ta gyaɗa kai ta rubuta.

Sai ta juya wajen Kawu ta yi tambaya mai tsawo. Faransancinta ba irin na tasha ba ne, gudu yake kamar na rediyo. A cikin duk abin da ta faɗa kalma biyu na kama, ruwa da matsala. Da ni mutumin kirki ne sai in ce ta maimaita a hankali, ko in ce direba ya taimaka. Amma gari duka na kallon Mushe, shi kuma yana tauna goro yana murmushi. Na juya na ce, "Kawu, tana cewa ina ruwa."

Duk Bahaushe ya san "ina ruwa" gaisuwa ce. Ba tambaya ba ce. Kamar ina gajiya, ina gida. Ko gonarka ta ƙone ƙurmus, in an ce maka ina ruwa, ba za ka fara da kuka ba. Kawu ya ɗan yi mamakin jin gaisuwar damina a tsakiyar bazara, amma ya ɗauka baƙuwa ce. Ya dafa ƙirji ya ce, "Da godiya. Alhamdulillahi, da godiya." Dattawa suka amsa, "Da godiya."

Madam ta dube ni tana jira. Ta yaya ake cewa da godiya da Faransanci, irin tamu, wadda take nufin muna cikin wuya amma ba yanzu za mu faɗa ba? Ban sani ba. Har yau ban sani ba. Na ce, "Sava, madam. Sava biyan." Wato lafiya lau, komai daidai.

"Sava?" ta sake tambaya, ta ɗaga gira.

"Sava."

Ta rubuta. Ta yi wasu tambayoyin. Inda na ji kamar wi ya dace in ce wi, inda na ji kamar no in ce no. Wata kalma ta maimaita ta har sau uku tana nuna ƙasa da hannu, daga baya na gano tambaya take ko rijiyar tana ƙafewa. Na ce no. Ga Kawu kuma ina juya masa abin da na ga dama: tana gaishe ka, ta ce garin ya yi kyau, ta ce hanya da nisa. Shi yana ta godiya. Ya shirya maganarsa tsaf, ya kwana uku yana tsara ta, amma a wurinmu ba a kai wa baƙo kuka yana da ƙurar hanya a ƙafa. Sai ya ci ya sha ya huta. An yanka ɗan akuya, yana kan wuta.

Ta ce a kai ta rijiya. Muka je. Fili fes, sabon rairayi, ba mutum ba dabba, kamar filin idi. Ta leƙa, duhu kawai ta gani. Ta nemi a ja guga ta gani, babu takarkari a kusa, ni na kore su. Na ce sai an jima. Ta duba agogo, ta ɗauki hoto da wayarta, ta ce akwai sauran ƙauyuka huɗu kafin yamma. Na ce ga abinci. Ta ce marsi, ta ce mu mutanen kirki ne, ta shiga mota. Duka zamansu bai kai a dafa shayi a sha zagaye uku ba.

Kawu ya biyo mu da sandarsa yana haki, ya tarar da ƙura.

"Sun tafi? Ban yi magana ba fa!"

"Na yi maka, Kawu. A bakin rijiya na gaya mata komai."

"Komai da komai? Da cikin yara?"

"Har da shi."

"Allah ya yi maka albarka. Ka ga amfanin lakwal."

Muka cinye ɗan akuyan da kanmu. Aka ba ni cinya.

Bayan damina, an gama girbi, wata rana da hantsi muka ji rugugin manyan motoci. Yara suka ruga, mata suka fara guɗa. Motoci uku ne, ɗaya ɗauke da dogon ƙarfen haƙa. Suka zo daidai garinmu, suka bi ta bayan makabarta, suka wuce. Wani ƙauye suka nufa a yammacinmu, ta hanyar Belbeji, tafiyar hantsi guda a kan jaki. Mutanen can 'yan uwanmu ne, muna aure a wurinsu suna aure a wurinmu, kuma kowa ya san rijiyarsu ta fi tamu dama. Guɗar matan nan da ta yanke a tsakiya, ina jin ta har gobe.

Kawu ya tara dattawa aka ce in je Damagaram in ji dalili. Na je. Kafin in nemi biro, ofishin masu projen, na bi ta tasha, na tarar da direban nan a teburin mai shayi. Ya turo mini benci da ƙafa.

"Zauna, Sava."

"Wane ne Sava?"

"Kai mana. Ai tun daga ranar nan, sunan da madam ta sa wa garinku ke nan. Mun yi ƙauye ashirin da wani abu, ku kaɗai kuka ce ba ku da matsala."

Na ce masa ba haka aka yi ba. Ya ce in rufe masa baki, yana wurin. Ya ba ni labarin ƙauyen yamma. Ya ce su ba su share komai ba, ba su ma san ranar za a zo ba, mai garinsu ya tafi kasuwar Tarka. Mata suka kewaye motar da bido wayam suna bugawa, wata tsohuwa ta ɗebo ruwan rijiyarsu a gwangwani ta kai wa madam har hanci ta ce ta sha in ta isa. Ba tafinta, ba Faransanci. Madam ta ɗauki hoton gwangwanin.

"Ku kuwa kun ba ta ruwa kamar na otel. Ni na san ruwan Tanut ne, tun daga ƙamshin maganin famfo."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Ni direba ne, ba a ɗauke ni magana ba. Kuma ga Mushe da babbar riga da bik, ina ni ina sa baki?"

Na so in kifa masa shayin a fuska. Na daɗe ina ɗora masa laifin, a raina. Amma shi bai share rijiya ba, bai je Tanut ba.

Na je biron duk da haka. Mai gadi ya bar ni a rana har azahar. Wani mutum ya fito zai tafi salla, na bi shi ina magana, da Hausa wannan karon. Ya saurare ni, ba laifi. Ya ce an rufe lissafin ƙauyuka tun kafin damina, madam an mayar da ita Yamai, projen ma ƙarshen shekara zai ƙare. Ya ce in wani ya zo a gaba za a duba. Na ce a rubuta cewa kuskure aka yi. Ya ce kuskuren wa? Ya shiga masallaci.

A mota ina dawowa na shirya yadda zan faɗa. Na rantse zan faɗa. Da na sauka a gindin aduwa na kama hanya, ina tafe ina maimaitawa. Na iso zaure na tarar da su cike, duk sun zuba mini ido. Liman ya riga ni, ya ce, "Siyasa ce, ko? Ai suna da ɗa a meri." Ya miƙo mini ƙofa a buɗe. Na ce, "Siyasa ce."

Kalmar nan ta yi ɓarna fiye da sava. Kawu ya daina zuwa suna da jana'iza a ƙauyen yamma. Wani aure da aka sa rana ya lalace. A kasuwa samarinmu suka yi dambe da nasu, ana kiransu ɓarayin ruwa. Su kuma suka ce tunda ɓarayi ne, matanmu in sun zo famfo su tsaya a bayan layi sai 'yan gari sun gama. Don dole matanmu suka riƙa zuwa. Rijiyarmu bazarar da ta biyo baya gefenta ya rufta, abin da take bayarwa ko dabbobi bai isa ba. Ƙanena ya kwashe iyalinsa ya koma bayan garin Damagaram, yana zaune a kangon wani yana gadi. Gida uku suka bi shi. Kawu ya rasu shekara biyu bayan nan. Ina cikin waɗanda suka zauna da shi a ciwonsa. Ya kama hannuna ya ce, "Mushe, kai dai ka yi naka. An zalunce mu ne." Na ce, "Allah ya isa, Kawu." Da bakina na faɗa.

Matata ita ce ke zuwa mana ruwa. Ta fita da jaki da bido huɗu bayan asuba, ta dawo rana tsaka. Kwana ɗaya ta je, kwana ɗaya ta huta, shekara da shekaru. Mace ce mai jiki da can, sai ta bushe. Ba ta taɓa tayar mini da maganar randa ba.

Bara da bazara ta dawo wajen azahar, ina zaune a inuwar rumbu ina gyaran hauya. Bido ɗaya ya fashe a hanya, ruwan ya tsiyaye a jikin jakin. Ta sauke sauran ukun, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tafin ƙafarta duk ya tsage. Ba ta yi kuka ba. Ni kuma ban shirya ba, kawai na ji bakina yana magana. Na gaya mata duka: wi ɗin da na ce a kan ƙwarya, ina ruwa, sava, direba, biro, siyasa.

Ta saurara har na gama.

"Na randa na sani, ni na juye. Na ɗauka dai ka gyara da baki, tunda ka ce ka gaya mata komai."

"Ban gaya mata komai ba."

"Kuma Faransancin?"

"Ban ji rabinsa ba."

Ta daɗe tana kallon ƙafarta. Na ɗauka za ta tashi ta shiga gari ta faɗa, ko ta ce in sallame ta. Da ta yi hakan da na fi samun sauƙi.

"Yayata tana ƙauyen can," ta ce. "Shekara nawa ina wuce ƙofarta da jaki ban shiga ba, don ka ce ɓarayi ne."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Jibi ranar ruwa ce. Ni na gama. Kai za ka je, Malam."

Tun daga ranar ni nake zuwa. Maza masu amalanke suna zuwa famfon, amma namiji mai furfura da jaki da bido a layin mata, a bayan layi, ni kaɗai ne. Matan can suna tsokana ta. "Mushe, yau ba lakwal?" "Mushe, matso, ɓarayi sun gama." Ina sunkuyar da kai in matsa. A garinmu ana cewa matata ta mallake ni, wasu kuma suna cewa tausayi ne ya yi mini yawa, har liman ya yaba mini a gaban mutane.

Ita takan bi ni wani lokaci, ba don ruwa ba. Ta sauka a ƙofar yayarta, in wuce famfo. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta ce ba ita ta ce sava ba, ba ita za ta warware ba. Dattawan da suka zauna a tabarma ranar nan saura huɗu a raye. Kullum bayan la'asar muna zama tare a ƙofar masallaci, in maganar ruwa ta taso su tsine wa mutanen yamma, su juyo su ce, "Ko ba haka ba, Mushe? Kai ka je ka gani." Har yanzu ban ce a'a ba.